'Yan Biyun Tela

Malam, ɗazu a ɗakin malamai na ji kana cewa sunayen nan sun yi yawa: mai lalurar ji, mai lalurar gani, mai jinkirin koyo, mai galahanga. Ka ce a kira su duka masu buƙata ta musamman a huta. Zauna in ba ka wani misali.

Wani tela ne yake da 'ya'ya mata 'yan biyu, kamarsu ɗaya sak. Har suka isa shiga makaranta babu mai magana a cikinsu, in an kira su kuma ba sa waiwayowa, sai unguwa ta sa musu suna kurame. Da aka kai su asibiti, babbar ta zauna aka gwada kunnenta, aka ce jinta ne yake da rauni, aka ba ta na'urar nan da ake maƙalawa a kunne don ƙara sauti. Ƙaramar kuwa ta shige ƙarƙashin benci tana ihu, ta ƙi yarda a taɓa ta, aka ce a sake kawo ta. Tela bai ga amfanin komawa ba. Ka san yadda muke yi da 'yan biyu, abin da aka yi wa ɗaya shi ake yi wa ɗayar, ko da ɗankunne ne. Sai ya nemo irin na'urar ya maƙala wa ƙaramar, ya kai su aji ɗaya. Babbar ta buɗe kamar shukar da ta samu ruwa, ta fara kama kalmomi, tana dariya in an yi waƙa. Ƙaramar kuwa da an sa mata na'urar sai ta fizge ta jefar, ta riƙa buga kanta da bango. Tela ya ce taurin kai ne, zai cire ta daga makaranta ta zauna a gida.

Malamar ajin ta roƙe shi ya bar mata yarinyar zuwa ƙarshen zango, kuma a ajiye na'urar tukuna. Ba ta yi gardama a kan cutar ba, sa ido kawai ta yi. Ta lura cewa da an tayar da injin markaɗe a tsallaken titi, yarinyar ce take fara toshe kunnuwanta, tun kafin kowa a ajin ya ankara. Ta tsaya a bayanta ta kira sunanta, yarinyar ba ta motsa ba. Ta murza ledar biskit a hankali, sai kafaɗun yarinyar suka zabura. Ta maimaita wannan a ranaku dabam-dabam, don kada ta gina magana a kan dace. Sannan ta je shagon tela ta gaya masa cewa 'yarsa tana ji, har jin ya yi mata yawa, na'urar kuma azaba take ƙara mata. Tela ya ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ya ce, "Haba Malama! Ciki ɗaya, rana ɗaya, cuta kuma biyu? Ni awo ɗaya nake yi musu." Ta ce, "Baban 'yan biyu, wannan awon riga ne. Ni ma ban san sunan abin da yake damunta ba, mu je wurin waɗanda suka sani." Ta raka su da kanta, ta zauna a ƙasa kusa da yarinyar har ta natsu aka duba ta. Masana suka ce kunnenta lafiya lau, galahanga ce, lalurar da take sa hulɗa da magana su yi wa yaro wuya, ƙara kuma ta dame shi. Da sunan ya samu, aikin ya fito fili. Malama ta ɗauke ta daga bakin taga ta mayar da ita lungun da ya fi shiru, tana nuna mata hoton ƙararrawa kafin a buga ta, tana koya mata neman abu da hotuna. Ranar ƙarshen zango da tela ya zo da niyyar tafiya da ita, yana tsaye a bakin ƙofa yarinyar ta ɗauki hoton kofi, ta taka har gabansa ta sa masa a hannu. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya je randa ya ɗebo mata ruwa. Da zango ya zagayo, su biyu ya kawo.

To ka gani, Malam. Da an tsaya a kan suna ɗaya, da magani ɗaya za a yi ta ɗura musu, ɗaya ta warke, ɗaya ta ƙare a tsakar gida ana ce mata mai taurin kai. Hausawa sun riga mu faɗa: kama da wane ba ta wane.