Wayar Sito

Manaja yana tsakiyar yi wa baƙi daga hedikwata bayani sai jiniya ta cika harabar kamfanin. Kafin ya dire maganarsa, ma'aikatan agajin gaggawa biyu sun hawo bene da gadon ɗaukar majiyyaci.

"Ina mara lafiyan?" in ji babbarsu, wata mata, tana haki. "Daga nan aka kira mu. Muryar dattijo ce. Ya ce ƙirjinsa, sai kan wayar ya faɗi. Har yanzu layin a buɗe yake, ba a jin komai sai rediyo."

Manaja ya yi yaƙe. Yau ce ranar da ya daɗe yana yi wa tanadi. Tun safe ya kashe wayar hannunsa, ya sa an goge har ganyen fulawar roba, don kada baƙi su ga abin kushewa. Ga shi an kawo masa gadon asibiti har gaban allo.

Aka bazama nema. An buɗe banɗakuna, an leƙa kicin, an duba ƙarƙashin matakala. Masu furfura biyu ne kacal a ginin. Maigadi yana bakin ƙofa yana kurɓar shayi. Mai sito kuma ga shi tsaye, lafiyarsa ƙalau, yana ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Ranka ya daɗe, ai wayar sito..."

"Malam, ba yanzu ba."

Wata da watanni mutumin nan yana damunsa da zancen wayar tebur da ta ɓace daga sito. Duk ranakun duniya bai ga ta tayar da maganar ba sai a gaban baƙi.

Matar ta nemi a kira mai kula da kwamfutoci ya gano wayar da ta yi kiran. Aiki ne na ɗan lokaci, in ji ta, kuma wani yana can yana kokawa da numfashinsa. Manaja ya dubi baƙinsa, ya ga ɗaya yana duba agogo.

"Baiwar Allah, kin gani da idonki. Babu rediyo a kamfanina, babu mara lafiya. Wani marar aikin yi ne yake wasa da hankalinku, kuma zan yi maganinsa."

Da kansa ya raka su har mota, don ya tabbatar sun tafi. Matar ta daɗe riƙe da ƙofar motar kafin ta shiga.

"Allah ya sa wasan ne," ta ce.

Taro ya yi kyau. An tafa masa, an ci abinci, an ɗauki hoto. Sai da motar baƙi ta fice ya kira mai kwamfutoci, ransa a ɓace, ya ce a nemo masa wanda zai kora yau.

Mutumin ya yi 'yan danne-danne, sai ya tsaya.

"Wayar sito ce, ranka ya daɗe. Kuma ba daga ginin nan ta yi kiran ba. Wayoyinmu na intanet ne. Ko ina aka jona su za su yi aiki, amma adireshin da aka yi musu rajista da shi suke nuna wa masu agaji. Ko a wata ƙasa take, nan za su zo."

Manaja ya ciro wayar hannunsa da take kashe tun safe. Bai taɓa sanin haka ba, bai kuma taɓa tambaya ba.

Shi da hannunsa ya saka wayar sito a bayan mota wata ranar Asabar, ya kai ta gida, ya jona ta a gefen gadon mahaifinsa, ya kama yatsan tsohon yana koya masa lambar da zai danna idan ƙirjin ya sake tashi.