Ranar da Kawu Ya Warware Rawaninsa

Kawuna ya sha cin tseren iyo a Dakar yana soja, kafin yaƙi ya raba shi da ƙafa ɗaya. Da ya dawo Agadez, daga bakin tafki yake koya mana iyo.

Wata la'asar, ina tsakiyar ruwa, numfashina ya ƙare.

"Kwanta rigingine, ɗana! Dubi sama!"

Na kasa. Sai ya warware rawaninsa a gaban mata masu wanki, shi da ko mu ba mu taɓa ganin bakinsa ba, ya jefo mini gefe ɗaya. Na riƙe, shuni yana zuba a hannuna, ya jawo ni.

Na ɗaga kai, na ga leɓunansa suna rawa. Yau shekaruna hamsin, ban tabbata ya kamata in kalla ba.