Firijin da Ya Ƙi Yin Ƙanƙara

An kwantar da Jatau mai gyaran firiji a asibiti a Gusau ranar Alhamis, da karyayyen hannu da sara biyu a kai. Wanda ya sare shi, Alhaji Rabi'u, direban babbar mota ne daga Bungudu. Kwana uku ke nan da Babbar Sallar 1977.

Jatau ne ya zaɓa masa firijin, mai aiki da kananzir. Ya nuna masa fitilar da ke ƙasa, ya ce, "Alhaji, muddin wannan na ci, za ka ga ƙanƙara."

Ba a ga ƙanƙara ba. Sau biyu Jatau na zuwa Bungudu ya gyara lagwani ya sake kunnawa. Ran Sallah, Rabi'u ya hana a soya naman layya, ya ce an wuce zamanin suya. Naman ya ruɓe duka.

Rabi'u ya ɗauki adda ya tarar da Jatau a rumfarsa a Gusau.

"Macuci! Akwatin banza ka haɗa ni da shi?"

Ya hau shi da sara. Mutum huɗu suka riƙe Rabi'u, ya fizge ya gudu gida. Ya iske mahaifiyarsa, Inna Kulu, a madafi. Ba ta lura da jinin rigarsa ba.

"Rabi'u, ka ja wa mutanen gidan nan kunne," in ji ta. "Kullum sai wani marar hankali ya kunna wuta ƙarƙashin akwatin sanyinka. Ni ke bi ina hure ta."

Har yanzu Jatau bai farfaɗo ba.