Wayoyi Biyu a Bayan Altaneta

Tun azahar Mai Waya yake duƙe cikin bonet ɗin tsohuwar a-kori-kurar babansa, gumi na ɗiga kan batir. A gareji mutane layi suke bi ya taɓa musu wayar mota, amma wannan gwangwanin ya rantse sai ya zubar masa da mutunci a gidansu.

Ciwon kullum ɗaya ne. Ya gyara da yamma, mota ta tashi garau, gari na wayewa batir ya mutu murus. Baba, wanda ya ƙi yarda ya tsufa, ya fito da hularsa zai ɗauko kaya daga nesa, ya murɗa makulli ya ji shiru, ya koma ɗaki yana ruwan faɗa.

"Yau ne na ƙarshe," in ji Baba, yana lalubar kujerarsa ya zauna. "In ta sake kwana ta mutu, maƙwabcinka na gareji zan kai wa. Kowa ya ji ɗana ya kasa."

Maganar ta yi wa Mai Waya zafi ƙwarai. Ya koma bayan altaneta, injin da ke cajin batir. Wayoyi uku ne a wurin: mai kauri ta batir, sai sirara biyu da tsufa ya cinye launinsu. Ɗaya ta jar fitilar gaban direba ce, ɗaya kuma kullum da wuta a jikinta. In aka musanya su, altaneta zai kwana yana tsotsar batir. Ya sa mita ya gwada. A musanye suke, kamar yadda ya tarar da su a gyaran baya. To shi ne yake ruɗewa, ko aljanu ne suka koyi aikin waya?

Inna ta kawo masa ruwa, ta tsaya riƙe masa filaya kamar yadda ta saba.

"Wai duk ba kama ɗaya suke ba?"

"Ba ɗaya ba ne, Inna. Ta fitila sama, mai wuta ƙasa."

Ya naɗa jan tef a ta fitilar, ya nuna wa Baba. Baba ya kanne ido, ya ce ya gani, alhali wajen bel ɗin injin yake kallo. Aka tayar da mota, jar fitila ta ɗauke, caji ya hau. Mai Waya ya shafa sabuwar lotsewar da ke gefen ƙofa, ya ce wannan kuma sai wani zuwan.

Da aka kira magariba Baba ya nufi masallaci yana bin jikin katanga. Mai Waya kuma ya kama hanyar gidansa, hankalinsa ya ƙi kwanciya. Ko tef ɗin ma a daidai ya sa shi? Bai kai bakin titi ba ya juyo da sauri.

Ya tarar da bonet a buɗe. Inna ce duƙe a ciki, ta naɗe hannun riga, tana zare waya mai jan tef cikin gwaninta. Ba ta ko razana ba.

"Gara ya zage ka da a kawo min gawarsa," ta ce. "Babanku ya daina ganin hanya, kuma duk gidan nan ni kaɗai na lura."