Kujerar Malam Tanimu

Tun da aka kafa dokar, ba a samun aikin dindindin sai mai kujera ya mutu, ɗan wucin gadinsa ya gaje shi. Haka ɗan wucin gadin matata ya tunkuɗo ta daga benen makarantarsu.

Shekara huɗu ina wucin gadi a laburare, ƙarƙashin Malam Tanimu. Yau kantar littattafan tarihi ta danne masa ƙirji, jini na bin gemunsa.

"Sallau, ɗaga min, don Allah!"

"Ni na kwance ƙusoshinta, Malam," na ce. Na zauna a kai har ya yi shiru.

Da la'asar aka ba ni kujerar, aka kawo min nawa ɗan wucin gadin. Ya gaishe ni cikin ladabi, idonsa na kan kantocin.