Mai Famfon da Ya Ɓoye wa Taswira Bututunsa

Mai gidana, tun zuwanka ranar nan na lura da kai. Da an ambaci sunan abokin aikin nan naka da aka ɗaga, sai bakinka ya yi tsawo, ka hau tsaki kamar tsaka. Ba zan yi maka faɗa ba, gemu gare ka. Ga dai wani misali, ka tauna shi a hankali.

A wani filin jirgin sama an yi mutum biyu da aka ɗauka aiki tare, ɗaya mai lantarki, ɗaya mai famfo. Kwano ɗaya suke sa hannu a gindin wata darbejiya, har kowa ya zama shugaban sashensa. To shi filin jirgi, abin da ido ke gani kaɗan ne. A ƙarƙashin kwaltar nan wayoyi ne da bututai sun sarƙe kamar hanjin rago, kuma kowa nasa kawai ya sani. A zo gyaran waya a fasa bututu, a zo gyaran bututu a kashe wa jirgi fitila. Sai manya suka ce a yi taswira guda a cikin kwamfuta, wadda za ta nuna kome da inda yake kwance. Kamar mayafai take shara-shara, an ɗora wani a kan wani: na wuta ja, na ruwa shuɗi, in ka ɗaga na sama ka ga na ƙasa. Aka ce mai lantarki ne zai ja ragamar aikin. Aka tura shi kwas, ya dawo da wata sanda mai faifai a ka, wadda in an kafa ta a wuri sai wurin ya fito a taswira. Daga ranar mai famfo ya fara ƙyashin abokinsa. Baƙi su zo, a kai su gaban babban allo, a ce ga aikin wane, shi kuwa yana can baya ya harɗe hannu, zuciya na ci kamar garwashi a cikin toka. Har launin ma sai da ya ɓata masa rai. Don me za a ba wancan ja mai ɗaukar ido, shi a ba shi shuɗi irin na bokitin banɗaki? Da layi ya zo kansa, abokin ya same shi da sandarsa ya ce, “Mutumina, taso ka nuna mana dukiyarka.” Yau ya ce ciwon kai, gobe ya ce ta'aziyya. Da ya ga babu makawa, sai ya nuna waɗanda ko makaho ya sani: babban bututun bakin ƙofa, da tanki, da famfon alwala na masallaci. Sauran, waɗanda suka ratsa ƙarƙashin filin suka kai ruwa ɗakin matafiya da wurin 'yan kwana-kwana, ya haɗiye su a cikinsa. Lissafinsa shi ne taswirar wane ta fito da ɓaraka, ranar da ruwa ya ɓalle a ga wanda za a nema da gudu.

Ruwa bai ɓalle ba. Abin da ya zo manya ne daga hedikwata, za su rage shugabanni su haɗe sassa. Su kuwa ba masu taka rana ba ne, gaban allo suka zauna cikin sanyi. Aka ɗora jan mayafi, ya cika filin kamar saƙar gizo. Aka ɗora shuɗi, sai ga ɗan zare can a gefe, kamar abin da ya saura a bakin allura. Babbansu ya ce, “Ashe aikin ruwan nan bai taka kara ya karya ba. Wannan ai bai kai a ba shi shugaba ba, a haɗa shi da na wuta.” Mai famfo yana tsaye yana ji. In ya ce akwai saura, a tambaye shi wa ya hana a sa, ka ga kora ke nan. In ya yi shiru, ya koma ƙarƙashin wanda ya ƙi jinin ganin ɗaukakarsa. Ya yi shiru, don akwai bakuna a gida. Da aka miƙa wa mai lantarki sashen, bai yi masa gori ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya ce kawai, “Mutumina, tunda kayan sun dawo wuyana, dole in san su.” Haka mai famfo ya shiga gaba cikin rana, da ƙafarsa, yana nuna duk bututun da ya ɓoye ɗaya bayan ɗaya, ana kafa sanda. Shuɗin mayafi ya cika ya yi kyau, har ya fi jan. Baƙi suka ci gaba da zuwa, ana kai su gaban allo, ana cewa ku dubi wane, wuta tasa, ruwa nasa.

Ka ji, mai gidan. Shi ya so ya rage wa ɗan'uwansa, sai ya ɗauki gonarsa ya ƙara masa, har da shi a matsayin ɗan ƙodago. Saboda haka gobe ka saki fuskar nan, in an tambaye ka abin da ka sani ka faɗa, sunanka ya fito inda ake dubawa. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce hassada ga mai rabo taki ce.