Gadon Ɗakin Baƙi

Ina shigowa layinmu na hango motar kaya a ƙofar gidana, 'yan dako suna fito da gado.

Wata uku ke nan da muka baro birni. Can ɗaki ɗaya ne da falo, ni da matata da 'yarmu, ko juyi ka yi sai ka taka wani. Ni na dage mu dawo nan, ɗakuna huɗu, mu sha iska. Mun kuwa sha. Yau kwanana goma sha tara a ɗakin baƙi, kan wata 'yar magana da na manta mafarinta. Ko gaisuwa sai ta bakin yarinya.

Na sami matata tsaye a falo, idanunta jajir.

"Gimbiya, tafiya za ki yi?" na ce. "Don Allah ki tsaya mu yi magana."

"Au, Malam, ashe kana da baki?" Ta juya wajen 'yan dakon. "Ku haɗa da doguwar kujerar nan, ita ma tana kwantuwa."

Na leƙa motar. Babu akwatinta ko ɗaya.

"A tsohon gida ba ka taɓa kwana da fushina ba, don ba ka da wurin gudu," ta ce, hawaye na zubo mata. "Duk sauran gadajen na bayar da su. Gado ɗaya ya rage a gidan nan. Sai ka zaɓa, ko ni, ko siminti."